Jinin Gaiwa Da Masu Kare Addini Da Ka

 Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwana matasa, yau zan taɓo maganar da na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba, amma gaskiya ɗaci gare ta. Akwai wasu hujjoji guda biyu da suka daɗe suna yawo a tsakaninmu, tun zamanin faya-fayan CD har zuwa zamanin WhatsApp, a duk lokacin da aka tayar da batun ka'idar rikiɗar halittu, wadda Larabawa ke kira nazariyyatut taɗawwur. Hujja ta farko cewa take yi wai wani kifi mai suna silakan, wanda aka kama a shekarar 1938, ya rushe ka'idar tun daga tushe, domin ya shafe miliyoyin shekaru bai sauya ba. Ta biyu kuma cewa take yi babu yadda za a yi wata halitta ta rayu da zuciya da magudanan jini masu tsaka-tsaki tsakanin na kifi da na dabbar tudu. Ko dai a shaƙi iska a ruwa, ko a shaƙe ta a tudu, wanda ya tsaya a rabin hanya kuwa gawa ne.

Ni malamin Islamiyya ne, kuma ba na shakkar kyakkyawar niyyar masu yaɗa waɗannan hujjoji. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta mayar da kuskure daidai. Hujjojin nan biyu duka ba su tsaya da ƙafafunsu ba, kuma abin da ke ƙaryata ta biyun yana nan kwance cikin laka a fadamun Haɗeja da Nguru da gaɓar Tafkin Chadi. Sunanta gaiwa.

Yadda jini ke zagaya jikin kifi

Kafin mu je ga gaiwa, sai mun fara da kifin da kowa ya sani. Ɗauki karfasa, ka ɗaga marfin nan da ke gefen kanta, za ka ga wani jan nama mai tsage-tsage kamar haƙoran mataji. Shi ne Larabawa ke kira khayashim, mu kuwa a nan za mu kira shi mashaƙa, domin da ita kifi ke tsamo iskar oksijin daga ruwa.

Zuciyar karfasa tana da manyan ɗakuna biyu: zaure mai karɓar jini, da matunkuɗa mai tura shi gaba. Duk jinin da ke shiga wannan zuciya, jini ne wanda jiki ya riga ya tsotse oksijin ɗinsa. Zuciya sai ta tura shi cikin wata babbar jijiya da ke ƙasan maƙogwaro, wadda ta rabu zuwa rassa huɗu a dama, huɗu a hagu. Kowane reshe yana ratsa mashaƙa, inda yake wargajewa zuwa ƙananan jijiyoyi da ido ba ya iya gani. A nan jini ke gudu ta wata fuska, ruwa kuma ta kishiyar fuskar, kuma wannan saɓanin hanya ne ke sa jini ya kwashi mafi yawan oksijin da ke cikin ruwan. Daga nan rassan su sake haɗuwa a babbar jijiyar da ke bin ƙashin baya, jini ya watsu cikin jiki, sa'annan ya dawo zuciya. Zagaye ɗaya ke nan, babu ƙari.

Masana tsarin jiki suna ƙirga waɗannan rassa daga ɗaya zuwa shida, domin shida ne tsarin asali da ake gani a ɗan tayi. A jikin karfasa na ɗaya da na biyu kan ɓace ko su koma wani aikin, a bar na uku da na huɗu da na biyar da na shida. Mai karatu ya riƙe waɗannan lambobi, za mu dawo kansu.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Mashaƙa ƙofa ce mai buɗewa ta fuska biyu, domin oksijin kullum yana barin inda ya yi yawa ne zuwa inda ya yi ƙaranci. A kududdufin da ya yi zafi, ganyaye suka ruɓe a ciki, oksijin kan kusan ƙarewa. Idan kifi ya leƙo sama ya shaƙi iska da huhu, sa'annan jinin ya bi ta mashaƙa kamar na karfasa, to abin da ya samo a sama zai tsiyaye cikin ruwa, ya zama mai ɗibar ruwa da kwando. Saboda haka wanda ya ce akwai matsala a rabin hanya bai yi ƙarya ba. Kuskurensa shi ne da ya yanke cewa matsalar ba ta da mafita, alhali bai duba ba.

Abin da ke cikin gaiwa

Gaiwa tana cikin rukunin kifaye masu fiffike mai tsoka da ƙashi, saɓanin su karfasa da tarwaɗa masu fiffiken ƙaya. A da rukunin yana da yawa, amma a yau jinsi takwas kacal suka rage a cikin kifaye: silakan biyu, da kifaye masu huhu guda shida. Huɗu daga cikin shidan nan a Afirka suke, ɗaya a Kudancin Amurka, ɗaya a Ostareliya. Tamu ta nan Yammacin Afirka ita ce masana ke kira Protopterus annectens.

Gaiwa tana da huhu biyu, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na oksijin da babbar gaiwa ke buƙata daga iska take samo shi. Idan aka danne ta cikin ruwa aka hana ta leƙowa, nutsewa za ta yi ta mutu, ko da yake kifi ce. Idan fadama ta ƙafe kuma, sai ta tona laka ta shige, ta naɗe jikinta, yauƙinta ya bushe ya zame mata kwanso, ta bar 'yar ƙofa daidai bakinta, ta kwanta har damina ta dawo. Hausawa na cewa gaiwa jikinta take ci, kuma ba su yi nisa da gaskiya ba, domin a wannan kwanciya da tsokar jikinta take rayuwa.

Yanzu ga yadda jininta ke tafiya. Da farko, jinin da ya ɗauko oksijin a huhu yana dawowa zuciya ta wata jijiya tasa ta daban, ya shiga ɓangaren hagu na zaure, wanda wani shamaki ya raba shi biyu amma bai kai ƙarshe ba. Jinin da ya fito daga jiki kuma ya shiga ta dama. Na biyu, matunkuɗar ma tana da nata shamakin wanda bai cika ba, sa'annan a bututun da jini ke fita akwai wani nama mai murɗiya da ke raba hanya biyu, har jinin nan iri biyu su fita ba tare da sun cakuɗu sosai ba. Na uku, reshe na uku da na huɗu a jikin gaiwa ba su da mashaƙa ko kaɗan. Bututu ne kawai miƙaƙƙe. Ta nan jinin huhu ke wucewa kai tsaye zuwa kai da sauran jiki, bai haɗu da ruwa ba balle ya yi asara. Na huɗu, jinin da ya gaji shi ake turawa reshe na biyar da na shida, masu sauran mashaƙa, inda yake zubar da gurɓatacciyar iskar kabon, kuma daga reshe na shida ne jijiyar da ke zuwa huhu ta tsiro.

Bugu da ƙari, tsakanin jijiyar huhun da babbar jijiyar baya akwai wata gajeriyar hanyar yanke mai tsoka, wadda likitoci ke kira daktus. Idan gaiwa ta shaƙi iska, hanyar yanken sai ta tsuke, hanyar huhu ta buɗe, jini ya kwarara can. Idan oksijin ɗin huhu ya ragu, sai lamarin ya juya. Masani Kjell Johansen da abokan aikinsa sun auna wannan rarrabuwar jini a jikin rayayyun kifaye masu huhu tun a shekarar 1968.

To, ina mai cewa rabin shamaki ba ya rayuwa? Ga zuciya mai rabin shamaki, ga mashaƙa rabi tana aiki rabi ta tafi, ga huhu, kuma mai su ba ta mutu ba. Hasali ma tana rayuwa a inda karfasa mai cikakkiyar mashaƙa ke zama abincin shirwa.

Wani zai ce ai tarwaɗa ma tana shaƙar iska, shi ya sa take daɗewa a cikin baho ba ta mutu ba. Haka ne, tana da wata gaɓa mai kama da 'yar bishiya a saman mashaƙarta. Amma jinin da ya fito daga wannan gaɓa yana zarcewa ne zuwa jijiyar baya, ba ya komawa zuciya ta hanyarsa ta daban. Zagayen tarwaɗa ɗaya ne, na gaiwa kuwa ya kama hanyar zama biyu. Sai kuma ɗan'uwan gaiwa na Ostareliya, mai zama a kogunan Mary da Burnett a jihar Kwinsland. Shi huhunsa ɗaya ne, dukkan rassansa huɗu suna da cikakkiyar mashaƙa, shamakin zuciyarsa bai kai na gaiwa ba, kuma ba ya neman iska sai ruwa ya lalace ko ya yi aikin gajiya. Ashe ba mataki ɗaya ne kaɗai ke rayuwa a tsakiyar hanyar ba.

Abin da masana suka karanta a ciki

Me ya sa masana rikiɗar halittu suka damu da wannan? Saboda lambobin nan da na ce a riƙe. A jikin kwaɗo zaure ya rabu biyu cif, matunkuɗa ɗaya ce, kuma naman nan mai murɗiya yana nan. A jikin ƙadangare matunkuɗa tana da shamakin da bai cika ba. A jikin kada da tsuntsu da dabbobi masu shayarwa ɗakuna huɗu ne. Kuma idan aka duba ɗan tayin akuya, ko na mutum, za a ga rassan nan suna bayyana bibbiyu a yankin wuya, sa'annan a sake musu fasali. Reshe na uku ya zama jijiyar da ke kai jini kai. Na huɗu na hagu ya zama babbar jijiyar da ke fita daga zuciya zuwa jiki; a tsuntsu na dama ne ke wannan aiki. Na shida ya zama jijiyar huhu, tare da hanyar yanke, daktus. Wato rassan da ke ɗaukar jinin huhu zuwa jiki a gaiwa, su ne ke wannan aiki a akuya, kuma reshen da ke kai jini huhu shi ne dai na shida.

Wannan daktus ba labarin littafi ba ne. Jariri a cikin mahaifa ba ya amfani da huhunsa, saboda haka jininsa ta nan yake yankewa. Bayan haihuwa hanyar kan rufe cikin 'yan kwanaki, idan kuwa ta ƙi rufewa, kamar yadda ya fi faruwa ga bakwaini, sai likitoci sun ba da magani ko sun yi aiki.

Masana suna ɗaukar wannan daidaituwar a matsayin alamar asali guda, kuma suna haɗa ta da wasu shaidu. A shekarar 2013 aka wallafa kundin ƙwayoyin gadon silakan, binciken kuma ya nuna cewa kifaye masu huhu sun fi shi kusanci da dabbobi masu ƙafa huɗu. A 2021 aka karanta na kifin Ostareliya, mai haruffa kusan biliyan 43, alhali na mutum kusan biliyan 3 ne, sakamakon ya ƙara ƙarfafa wannan kusanci. A ɓangaren ƙasusuwan da suka daskare cikin duwatsu kuma, akwai Tiktaalik da aka tono a tsibirin Ellesmere na Kanada a 2004, mai shekaru kimanin miliyan 375, da Acanthostega na Girinland, mai kimanin miliyan 365, wanda yake da yatsu takwas a ƙafar gaba amma ƙasusuwan wuyansa suna nuna yana da mashaƙa.

Batun silakan

Mu dawo kan hujja ta farko. Gaskiya ne a watan Disamba na 1938 masunta suka kamo wani kifi kusa da garin East London na Afirka ta Kudu, Marjorie Courtenay-Latimer ta adana shi, J.L.B. Smith kuma ya gane cewa ɗan zuriyar da ake zaton ta ƙare ne tun kimanin shekaru miliyan 66 da suka wuce. An sami na biyu a tsibiran Komoros a 1952, aka kuma gano wani jinsin a Indonesiya a ƙarshen shekarun 1990. Gaskiya ne kuma wasu sun zaci yana tafiya da fiffikensa a ƙasan teku, har Hans Fricke ya ɗauko hotonsa a cikin ruwa a 1987 aka ga ba haka ba ne. Amma a lura, masanan ne da kansu suka nutsa suka gyara zatonsu.

Cewa bai sauya ba kuwa, wannan ba daidai ba ne. An san jinsunan silakan na da fiye da 100, masu girma da siffa da mazauni daban-daban, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da yake shi ne na yau. Ɗaya daga cikinsu, Mawsonia, an tono shi a Gadufawa da ke hamadar Tenere a Jamhuriyar Nijar, ya rayu a koguna fiye da shekaru miliyan 100 da suka wuce. Na yau kuwa a kogunan dutse na ƙarƙashin teku yake, a zurfin mita 150 zuwa 250, da mashaƙa yake numfashi, zagayen jininsa ɗaya ne. Wani bincike na 2015 ya nuna yana ɗauke da ragowar huhu ƙanƙani wanda ba ya aiki, kitse ya kewaye shi, alhali wasu danginsa na da suna da babban huhu. Sa'annan ita ka'idar ba ta taɓa shar'anta cewa kowace zuriya sai ta sauya da sauri ɗaya ba.

Mafi yawan masu kawo wannan hujja a wajen Harun Yahya suka gaje ta, musamman katafaren littafinsa Atlas of Creation na 2006. A cikin littafin nan ne aka buga hoton ƙwaron roba na kamun kifi, da ƙugiyarsa a jiki, a matsayin rayayyen ƙwaro, har Richard Dawkins ya riƙa nuna shi yana yi wa Musulmi dariya a 2008. Wa ya miƙa masa sandar dukan? Mu ne, da muka karɓa ba mu bincika ba.

Ga masu wuce gona da iri ta ɗaya gefen

Kada wani ya ɗauka na ajiye rawani ne. Akwai wasu matasan da suka karanta rabin shafi, suka dawo suna cewa tunda an gano hanyar jinin gaiwa, an gama da Mahalicci. Wannan ma magana ce da ka. Sanin sababi ba ya kore Mai sabbabawa. Mun san yadda tururi ke zama gajimare, kuma ba mu fasa sallar roƙon ruwa ba. Babu wani ma'aunin jini da zai amsa tambayar dalilin da ya sa akwai halitta tun farko.

Su kansu masanan kirki suna faɗin iyakar shaidarsu. Jijiya da zuciya ba kasafai suke daskarewa cikin dutse ba, saboda haka tsarin jinin halittun da, kirdado ake yi daga na yau. Gaiwa ba kakar kwaɗo ba ce. A ka'idar, 'yar'uwa ce da ta bi tata hanyar kusan shekaru miliyan 400, kuma ana muhawara kan ko wasu siffofinta ita kaɗai ta same su daga baya. A 2010 ma aka bayyana wasu sawaye a Zachełmie ta ƙasar Folan da suka girmi Tiktaalik, abin da ya tilasta sake duba jerin lokutan.

Game da Annabi Adamu (AS), nassi ya zo a sarari, kuma a kansa nake tsaye. Amma wane nassi ne ya faɗi yadda aka halicci gaiwa ko kwaɗo, ko cikin shekaru nawa? Inda wahayi ya yi shiru, ladabin malamai shi ne tawaƙƙufi, wato kame baki daga jingina wa addini eh ko a'a. David Solomon Jalajel ya bi wannan hanya a littafinsa na 2009, Shoaib Ahmed Malik kuma ya faɗaɗa ta a 2021 bisa tafarkin Imam Gazali. Kana iya saɓa musu, amma da ilimi.

Kammalawa

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ja kunne a gabatarwar Tahafutul Falasifa game da masu jayayya da lissafin husufin rana da wata da sunan addini. Ma'anar jan kunnen ita ce, wanda ya san lissafin da yaƙini ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai yi shakka. Ibnun Nafis kuwa, likita kuma malamin fiƙihun Shafi'iyya da ya rasu a Alƙahira a 1288, shi ne ya ƙi yarda da maganar Jalinus cewa jini na ratsa shamakin zuciya ta wasu ƙananan ramuka, ya ce ta huhu yake bi. Zagayen huhun nan da muke magana a kai, malaminmu ne ya bayyana shi, ƙarnuka kafin William Harvey ya fitar da littafinsa a 1628. Abin kunya ne jikokinsa su zama masu gudun duba zuciyar kifi.

Abin da nake tsoro shi ne yarinya ko yaron da muka cusa wa cewa rabin zuciya ba ya rayuwa, muka kuma ɗaura wannan magana a wuyan imaninsa. Ranar da ya shiga jami'a aka feɗe masa gaiwa a kan tebur, zai gane malaminsa ya faɗi abin da bai sani ba, daga nan kuma ya fara tambayar kansa sauran abubuwan da malam ya faɗa. Alhakin wannan shakka a kan wa yake? Aya ta 36 a Suratul Isra'i hani ce ga bin abin da ba a da iliminsa, kuma ba ta ware masu kare addini ba.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, kafin ka tura saƙon da ke cewa an rushe Darwin cikin minti biyar, ka tambayi kanka ko ka san abin da ake magana a kai. Idan kana karanta ilimin halittu ko likitanci, ka karanta shi da kyau har ka fi malaminka. Idan kuma kana kusa da masunta, ka nemi gaiwa, ka buɗe gefen kanta, ka gwada 'yar mashaƙarta da ta karfasa, ka ga bambancin da idonka.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya tsare harsunanmu daga faɗin abin da ba mu sani ba, Ya ƙara mana ilimi mai amfani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.